Auna karin sautin Hausa da Praat: inda layin yake ɓacewa

Aikin da na sa a gaba shi ne auna tazarar karin sama da karin ƙasa a kalmomin da rubutunsu ɗaya amma furucinsu daban: kuka na hawaye da kuka ta miya, wuyan jiki da wuyar sha'ani. Na haɗa da garin zama da garin tuwo, waɗanda karinsu ɗaya ne, tsawon wasali kawai ya raba su. Na yi aikin da Praat, manhajar nazarin murya mai zana hawa da saukar kari a matsayin layi, da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, wadda kyauta ake saukarwa.

Yawancin matsaloli tun wurin ɗaukar murya suke shigowa. Ina ɗauka a tsarin WAV, samfuri 44,100 a daƙiƙa, bit 16, makirfo santimita 10 zuwa 15 daga baki kuma a ɗan gefe, don kada iskar ƙ da ts ta buge shi. Ƙarfin sauti kada ƙololuwarsa ta wuce kimanin −12 dB, domin idan ya daki rufi, wato iyakar ƙarfin da na'ura ke iya ɗauka, kan igiyar sautin yankewa yake yi, kuma ba ya gyaruwa.

Abin da ya fi ɓata mini aiki shi ne wutar lantarki. Wutar Najeriya da Nijar tana tafiya ne a 50 Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, kuma da wannan ma'aunin na Hz ake auna karin murya. Idan kwamfuta na jikin caja, wani gurnani yakan shiga a 50, da 100, da 150 Hz, kuma biyun ƙarshen nan tsakiyar muryar namiji suke. Inda murya ta yi rauni sai Praat ta kama gurnanin ta zana miƙaƙƙen layi a 100 Hz, ka ɗauka karin ƙasa ne. Magani shi ne a cire caja a ɗauka da batir, a kashe fanka, a nisanci janareta. Goge hayaniya daga baya ba na ba da shawararsa, saboda yana cinye wutsiyar wasali, sai dogo ya fito gajere.

Sai yadda ake sa mutum ya furta kalmar. Idan ka ba shi jerin kalmomi ya karanta, ta ƙarshe kullum faɗuwa take yi. Ga kuma ɗabi'ar Hausa ta gangarowa: duk karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yana sauka ƙasa da na gabansa, har a doguwar jimla na ƙarshe ya kusa daidai da karin ƙasan farko. Don haka kowace kalma ina saka ta a gurbi ɗaya, "Ya ce … jiya", sau uku, a cakuɗe. Kuma ba na furta masa kalmar, domin karina zai kwaikwaya. Hoton bishiyar kuka nake nunawa, ko in ba da jimlar da ta fayyace ma'ana.

Yanzu ga zuciyar aikin. Praat tana gano kari ne ta neman inda igiyar sauti ke maimaita kanta a cikin ɗan yankin lokaci, kuma tsawon yankin ya dogara da mafi ƙanƙantar lambar Hz da ka ba ta ta nemi kari daga kanta: zagaye uku na wannan lambar. A 75 Hz yankin milisakan 40 ne. Ka sauke zuwa 50 Hz ya koma 60, wanda zai iya haɗiye gajeren wasali har da baƙin da ke gefensa. Na saba farawa da 75 zuwa 300 Hz ga maza, 100 zuwa 500 ga mata, in ga inda muryar mutum take zaune, sannan in matse iyakar gare shi shi kaɗai. Iyaka mai faɗi ita ke kawo tsalle: murya tana 110 Hz, layi ya haura 220 nan take. Duk lambar da ta zo ninki biyu ko rabin maƙwabtanta, ina buɗe igiyar in auna zagaye ɗaya da hannu. Zagaye mai milisakan 8 yana nufin 125 Hz, ba wata gardama.

Baƙaƙe masu hamza suna da nasu rikicin. Kusa da ɓ, ɗ da 'y tantanin maƙwallato yakan yi kakkausar girgiza marar daidaito, sai layi ya tsinke ko ya faɗi rabi. Gajeren wasali a ƙarshen magana shi ma da hamza yake rufewa, wanda shi ne wani dalilin sa "jiya" a bayan kalmar. Ko baƙaƙen yau da kullum suna taɓa farkon wasali: marasa ziza (girgizar tantanin maƙwallato) irin k suna ɗaga shi, masu ziza irin g suna sauke shi. Saboda haka daga tsakiyar wasali nake ɗaukar awo, in bar gefe da gefe.

Kada a gwama muryar mace da ta namiji da Hz tsagwaronsa. Tashi daga 100 zuwa 120 da tashi daga 200 zuwa 240 abu ɗaya ne a kunne, kimanin samiton (matakin hawan sauti irin na kiɗa) 3.2 kowanne, kuma Praat tana iya ba da sakamakon a wannan ma'aunin.

Tsawon wasali kuwa a hoton sauti (spectrogram) da Praat ke zanawa nake auna shi, da yankin milisakan 5, ina bin zane mai duhu na biyu daga ƙasa, wanda wasali ke bari a hoton, daga inda ya bayyana zuwa inda ya dushe. A gari abin da sauƙi, domin g tana da fashewa, r kuma tana barin ɗan gurbi. A wuya babu iyaka ko kaɗan, w da y narkewa suke yi cikin wasulan. Wannan kalmar na bar ta a awon kari, na cire ta daga awon tsawo gaba ɗaya.