Minti biyun da Al Green ya ƙara

'Yan'uwan nan uku da ake kira Bee Gees sun fitar da "How Can You Mend a Broken Heart" a 1971, kuma sun gama faɗin abin da ke ransu kafin minti huɗu ya cika. Da shekara ta zagayo, mawaƙin Amurka Al Green ya fitar da tasa, wadda ya ɗauka a birnin Memphis, ya kai ta minti shida da 'yan daƙiƙu, alhali bai ƙara mata sabon baiti ba. Maganar ba ta sauya ba: mutum ne da aka tafi aka bari, yana ta jero tambayoyin da ya san babu mai amsa masa. Sana'ata haɗa sauti ce a situdiyo a Kano, kuma mafi yawan abin da na sani game da ɗaukar muryar mai baƙin ciki a cikin minti biyun nan na ƙari na tsince shi.

Maigidan da ya koya mini aiki tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, cikin waɗanda suka yi zamani da faifan garmaho. Ba mai dogon bayani ba ne. In yana so ka gane abu sai ya kunna maka, ya fita salla, in ya dawo ya tambaye ka me ka ji. Shi ya ajiye mini waƙar kala biyu ya ce, "Yaro, nemo mini inda lokacin ya shiga."

Abu na farko da kunne ke kamawa shi ne an rage wa kiɗan gudu. Wannan kowa zai ji. Amma rage gudu kaɗai ba ya sa waƙa ta yi nauyi, sau da yawa ma barci yake sa mai sauraro. Abin da ya riƙe waƙar shi ne yadda Green yake tafiya da kalmomin. Yana shigowa ne kamar mai magana shi kaɗai a ɗaki, muryar can ƙasa, kusa da raɗa. Ba ya sauka daidai kan bugun ganga. Yakan bari bugun ya wuce sannan ya biyo shi a baya, kamar wanda ya tsaya tunanin ko ya faɗi kalmar ko ya haɗiye ta. Wani wurin ya ja gaɓa ɗaya har ta yi siriri ta haura sama, wani wurin ya datse kalma tun ba ta ƙare ba. Tsakanin layi da layi akwai fili, kuma ba a yi gaggawar cike filin ba: ogan ya ɗan numfasa, jita ta sa baki kaɗan ta janye, gogen Turawa su taso su kwanta. Akwai inda waƙar ta ambaci iska tana kaɗa bishiyoyi, nan take kiɗan ya yi wani shuu kamar iskar ce ta ratso ɗakin. Can wajen ƙarshe kuma, inda baitocin suka ƙare, bai tashi ba. Ya zauna yana maimaita roƙo ɗaya, muryarsa ta biyu da aka ɗora a kan ta farko tana amsa masa, har ka ji mutumin ya daina tambaya ya koma neman agaji. A nan yawancin lokacin ya shiga.

Ba na cikin masu cewa ta asalin ba ta da kyau, kuma raina yakan ɓaci in na ji ana faɗin haka don a yabi Green. Barry da Robin Gibb, biyu daga cikin 'yan'uwan, sun rubuta ta ne a 1970, jim kaɗan bayan Robin ya dawo cikin ƙungiyar da ya fice daga cikinta a 1969. Wa da ƙane ne da suka yi ɓaraka suka shirya, suka zauna suka yi waƙa a kan karayar zuciya, kuma ita ce waƙarsu ta farko da ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka. Tasu a tsare take, muryoyi a jere, baƙin ciki ne na wanda ya wanke fuska ya fito cikin mutane. Green bai zo gyara musu kuskure ba. Abin da ya yi ya fi kama da tahamisi a wurin marubuta waƙoƙinmu na da, inda malami zai ɗauki baitin magabacinsa mai ɗango biyu ya ɗora masa uku, asalin yana nan daram, amma yanzu ka ji shi ta bakin wanda ya daɗe yana zaune da shi. Bambancin kawai shi ne Green da numfashi da jinkiri ya yi nasa ƙarin.

Da na fara bin tarihin faifan, sai hankalina ya koma kan mutumin da ke bayan gilashi, domin kujerarsa nake zaune a kai. Willie Mitchell mabushin ƙaho ne kuma shugaban makaɗa kafin ya zama furodusa a kamfanin Hi Records. Ya haɗu da Green a wani gidan rawa a garin Midland na jihar Texas a ƙarshen shekarun 1960, lokacin Green yana saurayi mai waƙa ɗaya da ta ɗan yi tashe. An haifi Green a Arkansas a 1946, ya tashi a Michigan yana waƙar coci tare da 'yan'uwansa, kuma kamar sauran samarin zamaninsa, so yake ya buɗe maƙogwaro ya girgiza ɗaki. Abin da ake yayi ke nan. A cikin Memphis ɗin ma akwai kamfanin Stax, gidan mawaƙi Otis Redding, inda ƙarfin murya da tsawar ƙahoni suke mulki. Mitchell ya ɗauki lokaci mai tsawo yana jan Green ƙasa, yana hana shi kwaikwayon manyan da yake sha'awa, yana nuna masa cewa muryarsa ta gaskiya tana can inda yake rera abu a hankali. Faifan Let's Stay Together, wanda ya fito a farkon 1972 kuma waƙar da nake magana a kanta take ciki, shi ne inda wannan haƙurin ya nuna sosai.

Wurin da suka yi aikin, Royal Studios, tsohon gidan sinima ne a kudancin Memphis. Makaɗan kuma kusan kullum su ne dai: 'yan gidan Hodges su uku, Teenie a jita, Leroy a jita mai kauri, Charles a ogan, sai Al Jackson Jr. da Howard Grimes da ke karɓa-karɓa a ganga. Mutanen da suka shekara suna kiɗa tare ba sa buƙatar nuna wa juna bajinta. Kowa ya san inda zai yi shiru. In ka kasa kunne ga gangar kaɗai a waƙar nan za ka ji kusan babu ado a cikinta, riƙe lokaci kawai take yi don mawaƙin ya sami abin jingina in ya yi baya.

To me wannan ya amfana wa mai aiki da kwamfuta ɗaya da fiyano ɗaya a ɗakin da aka liƙe da soso? Ya amfane ni ta hanyoyin da ake taɓawa da hannu. Na lura mawaƙanmu da yawa suna ihu a gaban makirufo ne ba don haka suke so ba, sai don kiɗan da muke tura musu a kunne ya yi ƙara, ba sa jin kansu. In ka rage kiɗan a abin kunnen, ka ɗaga muryar mutum har ya ji motsin leɓensa, da kansa zai sassauta. Sai ka matso da shi kusa da makirufo, domin kusancin yana ƙara wa murya kauri da ɗumi, abin da ihu ba ya bayarwa. Wannan gyara ne na daƙiƙa kaɗan, amma yana sauya yadda mutum yake furta kalmar "rabuwa".

Sai maganar numfashi. A kwamfuta abu ne mai sauƙi ka bi layin murya ka yanke duk inda mawaƙi ya ja iska, aikin ya fito fes. Yara masu koyon aiki suna son yin haka domin a ido yana kama da ƙwarewa. A waƙar rawa ba laifi. A waƙar da mutum yake cewa an bar shi kuwa, jan numfashin nan kafin kalma mai nauyi wani ɓangare ne na maganar, in ka cire shi ka cire shaidar cewa mai rai ne yake faɗa. Haka jinkirin da ke tsakanin murya da bugu. Manhajar tana nuna maka layuka a tsaye, hannunka yana ƙaiƙayin ya ja kowace gaɓa ya ɗora ta kan layi. Da an yi wa Green haka, da an kashe waƙar. Auto-Tune ma, wato abin da ke daidaita karin murya a kwamfuta, ban ɗauke shi abokin gaba ba, ya zama launi a waƙoƙin fina-finanmu kuma jama'a sun saba da shi, amma in aka murɗa shi har ƙarshe yana goge ɗan rawar da murya take yi sa'ad da kuka ya taso wa mutum ya danne. Wannan rawar ita ake nema, ita ce kuma ta fi wuyar samu.

Wata rana wani matashi ya zo da waƙar rabuwa, rubutu mai kyau ƙwarai, irin wanda ka san ba ƙage ba ne. Amma kiɗan da ya zo da shi na casu ne, mai gudu, cike da ƙararrawa da tafi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, zauna ka karanta mini ita kawai, kamar ni ce ita." Ya karanta, muryarsa ta shaƙe a baiti na biyu. Muka gina kiɗan daga wannan karatun, a kan gudun da bakinsa ya zaɓa, muka zubar da fiye da rabin kayan da ke ciki. Da ya saurara ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Oga, amma masu DJ ba za su sa ta a biki ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ban raina damuwarsa ba, domin a biki da waya ake cin abincin waƙa a nan, kuma mai sauraro a waya ba ya ba ka minti shida. Ko a wancan zamanin, ba wannan waƙar Hi Records suka tura gidajen rediyo ba. Wadda faifan ya ci sunanta ce ta hau lamba ɗaya, ita kuwa wannan tana ciki tana jiran wanda zai zauna. Muka yi kala biyu, mai gudu ta kasuwa da mai sanyi. Ina ganin kowane mawaƙin da yake son sunansa ya wuce kakar biki ɗaya yana bukatar irin ta biyun ko da guda ce a cikin aikinsa.

Green bai tsaya a kan Bee Gees ba. A faifansa na gaba ya rera "For the Good Times" ta Kris Kristofferson, a 1973 kuma ya ɗauki ta Hank Williams da ta Willie Nelson, duk waƙoƙin kaɗaici na fararen mawaƙan karkarar Amurka, ya mai da su sol, wato salon waƙar baƙaƙen Amurka irin nasa, ba tare da ya ɓoye inda ya samo su ba. Wannan ɓangaren ya fi komai tsaya mini a rai game da sana'armu. A jikin faifan Let's Stay Together, ƙarƙashin sunan waƙar, sunan 'yan gidan Gibb ne a rubuce. Tun 1909 dokar Amurka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar, muddin zai biya marubucinta kuɗin da aka yanka a kan kowane kwafi. Saboda haka aro a fili ake yinsa, mai waƙa ya sami haƙƙinsa, mai aro kuma a auna shi da abin da ya ƙara. Sanin cewa ta wasu ce bai rage wa Green komai ba, shi ne ma ya sa ake iya jin girman abin da ya yi, tunda ga ta farkon nan a ajiye kowa zai iya gwadawa.

Mu a nan mun daɗe muna wankiya. A ɗauko karin waƙar Indiya ko ta wani tsohon makaɗi da ya riga mu gidan gaskiya, a sauya kalmomi, a yi shiru. Iyalan makaɗin suna nan da ransu, wani lokaci a unguwar da ke bayan situdiyon, kuma ba mai tuna su. Abin yana yi mini ciwo ta fuska biyu: an danne haƙƙi, sannan shi mai wankin ya cuci kansa, domin wanda yake ɓoye tushen waƙa ba ya iya zama a cikinta da natsuwa, sauri yake ya wuce kada a gane shi. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini aikin da na ji karin wani a ciki, kafin mu kunna makirufo nake tambayarsa ta wace ce, in rubuta sunan a jikin fayil ɗin da kuma bayanin da za a ɗora tare da waƙar, in kuma mai ita ko magadansa suna kusa in ce a je a gaishe su a nemi izini. Wasu suna yarda nan take, har su ji daɗi an ba su dalilin zuwa. Wasu kuma sukan naɗe aikinsu su kai wani wurin, kuma na rasa kuɗi ta haka, amma wannan sharaɗin yana nan a situdiyona ga kowa, babba da yaro.