Abin da ke kashe wasan da aka ciro daga fim

Masu gidajen PlayStation a Damagaram, daga Birni har Zengo, kun san faifan wasan fim yakan yi ƙura da wuri. Ranar fitar fim ce ke yanke masa wa'adi. Sai a matse masu haɗa shi, a rage lokacin gwaji, kurakurai su biyo: ɗan wasa ya maƙale a bango, kyamara ta juya baya. Abin takaici ne wallahi.

Misali, wasan fim ɗin E.T. na kamfanin Atari a 1982, kimanin mako biyar aka ba mai haɗa shi. GoldenEye 007 kuwa sai 1997 ya fito, shekara biyu bayan fim ɗinsa, ya karɓu sosai. Disney, kamfanin fina-finai, ta dakatar da haɗa wasanni a LucasArts, sashenta na wasannin bidiyo, a 2013, ta koma bai wa wasu kamfanoni lasisi.