Man fuska zai iya maye gurbin siram da kirim?

Tambayar da ƙawayena suka fi yi mini kan gyaran fata ke nan: idan na sayi man fuska mai kyau, irin na 'yar kwalbar nan da ake ɗigawa, zan iya ajiye siram, wato ruwan nan mai ɗauke da sinadaran gyaran fata, da kirim in huta? Ban ga laifinsu ba. Kwalabe sun cika gaban madubi, ga lokacin safe ba ya isa. Amsata dai ita ce, kirim wataƙila, ya danganta da fatarki. Siram kuwa, a'a.

Dalilin farko mai sauƙi ne: babu ko ɗigon ruwa a cikin mai. Bushewar fata iri biyu ce, akwai ta rashin maiƙo, akwai ta rashin ruwa, kuma mace tana iya fama da ta biyun alhali goshinta na ƙyalli. Dare da rana ruwa yana fita ta saman fatarmu ba tare da mun ji ba, ko da ba gumi muke yi ba. Shi kirim haɗin ruwa ne da mai, sannan a zuba masa sinadaran da ke jawo ruwa su riƙe shi, irin su gilisarin da yuriya. Wasu ma ana sa musu seramaid, wanda shi ne kusan rabin kitsen da ke liƙe ƙwayoyin saman fata. Mai zalla aikinsa biyu ne kawai: ya tausasa fata, ya kuma rage gudun fitar ruwan. Murfi ne, kuma in kika rufe tukunyar da ba ruwa a ciki, a bushe za ki tarar da ita.

Ko a wannan aikin ma man tsirrai ba shi ne gwani ba. Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka tun 1872, yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita, man tsirrai kuwa ba sa kusantar haka. Abin dariya, shi ne kuma aka fi rainawa.

Tawa fuskar rabi da rabi ce, goshi da hanci maiƙo, kumatu kuma gautsi. In na shafa mai kaɗai a busasshiyar fuska, sheƙi nake samu na ɗan lokaci, kafin la'asar sai in ji kumatuna suna ɗaurewa. Amma in na wanke fuska na bar ta da danshi, na murza ɗigo biyu ko uku a tafin hannu na danna a hankali, sai labari ya canza, musamman lokacin zafi. Don haka mai lafiyayyar fata wadda ba ta cika bushewa ba tana iya wadatuwa da mai a kan danshi. Wadda fatarta ke tsagewa, ko mai fama da ƙyasbi irin na iczima, ko wadda ke wuni cikin sanyin na'ura, kada ta yar da kiriminta.

Maganar siram daban ce, domin ba don laushi ake sayensa ba. Aike ake ba shi: ya rage tabo, ya daidaita launi, ya rage maiƙo ko ƙananan layukan tsufa. Sinadaran da ke wannan aiki da yawansu a ruwa suke narkewa, kamar niyasinamaid, da hayaluronik asid, da ainihin bitamin C. To yaya za a same su a kwalbar da mai ne zalla? A nan ne tallar man rozhip, wanda ake samu daga 'ya'yan itacen furen wardi, ke ba ni haushi. Sai ki ji ana cewa cike yake da bitamin C. Gaskiya ne 'ya'yan itacen suna da shi sosai, amma daga ƙwayar ake tatso man, bitamin ɗin kuma ba ya bin mai. Masu kiransa retinol (nau'in bitamin A mai rage layukan tsufa) na tsirrai su ma sun kai shi inda bai kai ba. Mai ne mai kyau, mara nauyi, ina son sa, amma iyakarsa ke nan.

Akwai dai kamfanonin da ke narkar da retinol na gaske cikin mai mara nauyi irin su sikwalen. Wannan siram ne a jikin mai, kuma za ki ga sunan sinadarin a rubuce a kwalbar. In ba ki gani ba, to babu.

Sannan ba duk mai ne ɗaya ba, ko da an rubuta masa "daga tsirrai" da manyan baƙaƙe. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield da ke Ingila sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da man zaitun da man sanfulawa, wato furen nan mai bin rana, a hannun manya. Bayan mako huɗu, man zaitun ya raunana saman fatar har ya jawo ɗan ja, na sanfulawa kuwa bai yi ɓarna ba, ya ma ƙara danshi. Bambancin yana ga irin kitsen: zaitun ya fi yawan oleyik asid, wanda ke sassauta shingen fata, sanfulawa kuma linoleyik. Haka nan mai fama da amosani, ko ɓawon da ke fitowa a gira da gefen hanci, ta yi hattara, don ƙwayar da ke haddasa shi, malasiziya, da kitse take rayuwa, har da man zaitun ake renonta a ɗakin gwaji. Man kwakwa yana toshe wa mutane da yawa ƙofofin gashi a fuska. Jadawalin nan da ke yawo na man da ke kawo ƙuraje kuwa, kada ki ɗauke shi kamar yankan wuƙa, asalinsa a kunnen zomo aka yi gwajin. Ki gwada a gefen muƙamuƙi na 'yan kwanaki ki gani da idonki. Masu ƙamshi sosai, irin na lemo da bagamot, wanda shi ma dangin lemo ne, ni ba na kai su fuska sam, wasunsu suna ƙona fata in rana ta taɓa wurin.

Yanzu da daddare siram nake fara sawa, sai kirim, sai ɗigon jojoba ko sikwalen a kumatu kaɗai in sanyi ya shigo. Da safe ba na sa mai ko kaɗan, don yana sa man kariyar rana ya riƙa zamewa, shi kuwa babu wani man fuska da ke yin aikinsa. Wadda ta matsu sai ta rage kwalba ɗaya, ni man nake ce mata ta fara ajiyewa, ta riƙe kirim mai gilisarin da man kariyar ranarta.