Yadda ake gane maɗaci tun yana cikin leda

A sana'armu ta renon itatuwa, maɗaci na cikin waɗanda aka fi nema don jerawa a bakin titi da harabar makaranta. Ɗan ƙasa ne, ba kamar darbejiya ba da asalinta Indiya. Sai dai mai saye da yawa ba ya iya bambance dashensa da na kawo ko maje, don haka ga abin dubawa.

Ganye ne babban shaida. A kan tsinke ɗaya ƙananan ganyaye ke jeruwa bibbiyu, galibi jeri 3 zuwa 6, kuma babu tilo a ƙarshen tsinken. Gefensu sumul yake, samansu na sheƙi. In ka ga gefe mai haƙora kamar zarto, ga ganyen ya lanƙwashe kamar lauje, darbejiya ce. Sabon tohon maɗaci ja ne, amma kada wannan ya ruɗe ka, maje ma haka yake yi. Ɗaga ganyen ka duba ta hasken rana: na maje yana da ɗige-ɗige da haske ke ratsawa. Wani abin da ke jawo mana gardama da masu saye shi ne ganyen farko na ɗan tsiron maɗaci, wanda ke fitowa ɗaiɗai, sai ya tasa yake fara jeruwa.

Babba kuwa ba ya ɓuya. Yakan kai mita 30, ɓawonsa toka-toka mai ɓamɓarowa, in aka sare shi cikinsa ja ne, ga ɗaci. 'Ya'yansa dunƙulallu ne masu tauri, faɗin santimita 4 zuwa 6, suna tsagewa gida huɗu su zubar da iri mai faɗi, ruwan ƙasa. Kawo kuwa kwasfa yake yi, irinsa baƙi mai hula ruwan lemo.

Irin maɗaci ba ya jure ajiya, da an tsinto muke shukawa, ya tsiro cikin mako biyu zuwa uku. Kada ka sayi dashen da kansa ya bushe ko ya rabu biyu. Yawanci tsutsa ce ta huda tohon, itacen kuma zai yi rassa tun daga ƙasa maimakon ya miƙe. A bar tazarar mita 8 zuwa 10 tsakaninsu, a nisanta da katanga saboda saiwa. Inda jama'a ke wucewa, a kewaye gindin da waya, domin masu ɗibar sassaƙe in suka zagaye ɓawon, itacen mutuwa yake yi.