Rumbun da aka mayar gidan zane

Sana'ar gidanmu a Maraɗi hatsi ce, tun daga kakana wanda ya yi dillancin gyaɗa lokacin da gyaɗa ke riƙe da garin, har zuwa kaina da nake sayen gero da wake a ƙauyuka bayan kaka. Saboda haka da ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ya ce zai kai ni in ga rumbu, sai na ɗauka zolaya ce irin ta ɗa da kawu.

Ashe da gaske yake. Gidan adana zane-zanen zamani na Zeitz MOCAA, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2017, tsohon rumbun siminti ne da ke bakin tashar jiragen ruwa. An kammala gina shi a 1924, tsayinsa mita 57, kuma ya shekara kusan 80 yana karɓar masara da alkama kafin a daina aiki da shi a 2001. Cikinsa dogayen bututu ne guda 42 a manne da juna, kowanne rumbu ne mai zaman kansa. Maginin da aka ba aikin, Thomas Heatherwick na Ingila, bai rushe su ba. Ya ɗauki siffar ƙwayar masara guda, ya faɗaɗa ta a kwamfuta, sannan aka yanka simintin daidai wannan siffa, sai tsakiyar ginin ta zama wani katafaren kogo da haske ke sauka cikinsa ta rufin gilashi.

Na daɗe a tsaye a wurin, kaina a sama. Duk wanda ya tashi cikin harkar hatsi ya san cewa cikin rumbu ba wurin kallo ba ne. Yaro ake ɗagawa ya zura ta baki ya miƙo dami, kuma maigida ba ya son baƙo ya san ko a cike yake ko ya yi ƙasa. A nan kuwa an fasa cikin don kowa ya gani, har an sa na'urar hawa bene da matakala mai murɗewa a cikin bututun da dā hatsi ke kwarara.

Kuskurena na farko shi ne na ƙarar da ƙarfina wajen kallon ginin, alhali ɗakunan nuni sun kai 80. Da muka shiga cikinsu sai na riƙa wucewa da sauri kamar mai duba buhuna a kasuwa, ina tambayar amfanin kowane abu. Yaron ya ce, "Kawu, a nan ba a tayawa, tsayawa ake yi." Na tsaya a gaban aikin Nandipha Mntambo, wadda take jeme fatar shanu ta busar da ita a kan siffar jikin mace, sai fatar ta tsaya da kanta babu kowa a ciki, gashinta da jelarta duk suna nan. Mu mutanen Maraɗi muna tinƙaho da fatar jar akuyarmu, amma tunaninmu bai wuce takalmi da jaka da kuben wuƙa ba, kuma ban taɓa zaton fata za ta iya sa mutum ya ji tsikar jikinsa ta tashi ba. Daga nan na fara karanta ƴan bayanan da ke manne a bango kafin in yanke hukunci, na kuma haƙura da ganin komai a yini ɗaya.

Kuskure na biyu na aljihu ne. Ranar Alhamis muka je na biya kuɗin shiga, sai daga baya na ji cewa ƴan ƙasashen Afirka kan shiga kyauta da safiyar Laraba idan sun nuna takardar shaida, ga fasfona na Nijar kwance a masauki.

Akwai abin da bai kwanta mini ba. A saman ginin an yi otel na masu hannu da shuni, kuma ina kallon tagoginsa masu tudu sai na tuna leburorin da suka shaƙi ƙurar hatsi a wannan wuri shekara da shekaru, a zamanin da baƙar fata ba shi da ta cewa a ƙasar. Sai da muka sauka can ƙasa, cikin ramukan da aka bar tsofaffin ƙarafunan jigilar hatsi, na ji alamarsu, kuma da zan koma daga nan zan fara.

Bayan na dawo gida na bi ta gaban wani tsohon sito na zamanin gyaɗa wanda nake wucewa kullum ban taɓa ɗaga kai ba. Kwanon rufinsa ya yi tsatsa, awaki na kwance a inuwarsa. Na roƙi maigadin ya buɗe mini, na shiga na auna faɗinsa da taku, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambayata ko wake zan zuba.