Wasiƙa daga Galway: harshen da ke rubuce a kowane allo

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali? Mu nan muna lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa da iskar teku mai shiga ƙashi. Ina rubuto muku ne daga Galway, birnin da ke bakin teku a yammacin ƙasar Ayalan. Duk wanda na gaya wa inda nake sai ya ce ai ƙasar Turawan Ingila ce. Ba haka ba ne. Ƙasa ce mai cin gashin kanta, tana kuma da harshenta, Gaeilge, da ya girmi zuwan Turanci wannan tsibiri nesa ba kusa ba. Zancen wannan harshe ya daɗe yana cin raina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto muku.

Tun a filin jirgi mutum ke fara cin karo da shi. Kowane allo layi biyu ne, harshen ƙasa a sama, Turanci a ƙasa. Babban birnin da muka sani da Dabilin, a allon hanya Baile Átha Cliath ne. Galway ɗin da nake ciki Gaillimh ce. Ba a cewa firaminista, Taoiseach ake cewa, mataimakinsa Tánaiste, majalisar wakilai Dáil, ɗan sanda kuwa Garda, kuma haka ake faɗarsu ko cikin labaran Turanci. Jirgin da ke ratsa titunan Dabilin sunansa Luas, wato sauri. A ƙofar bayan gida za ku ga an rubuta Fir da Mná; na farkon maza, na biyun mata, baƙo ya kula. Da na ga haka sai na ɗauka da na shiga gari kunnena zai cika da harshen. Na yi watanni a nan ban ji mutum biyu suna ciniki da shi a kanti ba.

Su masu harshen Gaeilge suke kiransa, ana furta shi kusan kamar "Gwelga". Amma wannan ma sunan da mutanen yamma, yankin Connacht, ke kiransa ne, shi hukuma ta ɗauka. Mutanen kudu, yankin Munster, Gaelainn suke cewa, na arewa a Donegal su ce Gaeilic. In da Turanci ake magana, mutanen nan Irish suke cewa, sunan ƙasar ke nan. Baƙi, musamman 'yan Amurka, su ke yawan cewa Gaelic, kuma za ka ga fuskar wasu ta ɗan canza in ka faɗi haka. Wani abokin aikina ya yi mini bayanin dalili: Gaelic sunan dangi ne, ya haɗa da harshen tsaunukan Sikotilan da na tsibirin Man, kuma a kunnen wasu yana sa harshen ya zama kamar kayan tarihi na wata ƙabila can gefe. In ka ce Irish kuwa, ka ce harshen ƙasar nan ne, na kowa da kowa. Tsarin mulkinsu na 1937 ma haka ya ce a sashe na 8: shi ne harshen ƙasa kuma harshen hukuma na farko, Turanci na biyu.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. A ƙidayar 2022, mutum 1,873,997 suka ce suna iya magana da shi, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara uku. Amma waɗanda ke magana da shi kullum a wajen makaranta 71,968 ne kacal, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. Wannan adadi bai kai mutanen ƙaramar hukuma guda a Kano ba. Kowane yaro yana koyonsa tun daga firamare har ya gama sakandare, shekara goma sha uku ko sha huɗu, sannan da yawa su fito ba su iya riƙe hira ta minti biyar. Suna da wata kalma, cúpla focal, wato 'yan kalmomi. Ka tambayi mutum ko yana jin harshen, ya sunkuyar da kai ya ce cúpla focal kawai. Na sha ganin kunya a idon dattijo mai furfura saboda wannan tambaya, har na daina yinta ga wanda ban saba da shi ba.

Yadda aka yi aka kai haka labari ne mai ɗaci. Mulkin Ingila ya yi ƙarnuka yana mayar da Turanci harshen kotu da kasuwa da mallakar ƙasa. A 1831 aka kafa makarantun gwamnati, da Turanci ake koyarwa a cikinsu. Akwai wani ɗan itace da ake rataya wa yaro a wuya, bata scóir suke kiransa. Duk lokacin da ya yi magana da harshen gida sai a yi tsaga a jikin itacen, daga baya a ƙirga a hukunta shi. Duk wanda ya yi makarantar da ake cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji ya san wannan ɗan itace, ko da bai taɓa ganinsa ba. Sai kuma babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin talaka. Tsibirin yana da mutum sama da miliyan 8 kafin nan. Kimanin miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka yi ƙaura, kuma inda abin ya fi muni shi ne ƙauyukan yamma da kudu, inda harshen ya fi ƙarfi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Iyaye da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen. Uwa ta san ɗanta jirgin ruwa zai hau zuwa Boston ko Liverpool neman abinci, ta san Gaeilge ba za ta samo masa aiki a can ba, sai ta cije ta riƙa yi masa Turancin da ita ma ba ta iya sosai ba. Wasu iyayen ma su ke duba tsagar itacen nan da yamma. Ba ƙiyayya ba ce, so ne da tsoron talauci. A gida guda sai ka tarar da kaka ba ta jin Turanci, uwa tana jin duka biyu, jika ba ya jin Gaeilge. A zuriya uku magana ta yanke. Duk abin da aka yi daga baya, tun daga ƙungiyar Conradh na Gaeilge da su Douglas Hyde suka kafa a 1893 (shi ne ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938) har zuwa yau, ƙoƙari ne na ɗinke abin da ya yage a tsakar gida.

Inda bai yage ba shi ake kira Gaeltacht. Ƙananan yankuna ne, yawanci a bakin teku: Gaoth Dobhair a Donegal, wasu ƙauyuka a Mayo, Conamara da tsibiran Árainn nan kusa da ni, Corca Dhuibhne a Kerry, Múscraí a Cork, An Rinn a Waterford. Akwai kuma Ráth Chairn a Meath, inda gwamnati ta kwaso iyalai daga Conamara a 1935 ta ba su gonaki, suka tafi da harshensu suka dasa shi can. A duk waɗannan yankuna, masu magana da shi kullum 20,261 ne a ƙidayar 2022.

Ranar da na fara zuwa An Cheathrú Rua, wani ƙauye a Conamara, ba zan manta da ita ba. Da ka wuce ƙauyen An Spidéal Turanci ya ɓace daga allunan hanya. Inda ake son ka ba wasu motoci hanya sai ka ga Géill Slí kawai. Duwatsu ko'ina, katangun dutse sun yanka 'yan gonaki ƙanana. Na shiga wani kanti sayen shayi, na tarar da tsofaffi biyu suna hira, yarinyar da ke kan kanta tana sa musu baki, wani yaro yana yi wa uwarsa rigimar alewa, duk da Gaeilge. Rigimar yaron nan ta fi duk allunan Dabilin girgiza ni. Da yarinyar ta juyo gare ni sai ta koma Turanci nan take, cikin ladabi, tsofaffin ma suka bi ta. Shigowar mutum ɗaya ta juya harshen kanti gaba ɗaya. Na fita da shayina raina ba daɗi, don na ga da idona yadda abin ke zaizayewa: baƙo ɗaya, suruki ɗaya, maƙwabci ɗaya da ya sayi gidan hutu a bakin teku, su kuwa 'ya'yan gari gida ya fi ƙarfinsu sai su koma birni.

Karin harshen manya uku ne, kuma tun daga gaisuwa ake gane mutum. Ɗan Munster zai ce Conas atá tú?, ɗan Connacht ya ce Cén chaoi a bhfuil tú?, ɗan Ulster, yankin arewa, ya ce Cad é mar atá tú?, duk dai "yaya kake?" ne. In ana son a ce "duba", na kudu ya ce féach, na yamma breathnaigh, na arewa amharc. Na kudu sukan kai nauyin kalma zuwa gaɓar baya in tana da dogon wasali, sauran su danna ta farko. Na Donegal ya fi kusa da na Sikotilan, kamar yadda teku ta haɗa su. A 1958 gwamnati ta fitar da daidaitaccen tsarin rubutu, An Caighdeán Oifigiúil, wanda aka tsinto daga karin ukun. Shi ake koyarwa a makaranta, shi ake rubuta doka da shi, amma ba wanda ya sha shi a nono. Na ji dattijon Conamara yana cewa Gaeilge ta makaranta ba ta da gishiri. Na tuna yadda Basakkwace ke ji in an gyara masa "tahi" zuwa "tafi", ko "ɗiya" zuwa "'ya", a ce wai nasa ba daidai ba ne. A ganina gidan rediyonsu, Raidió na Gaeltachta, da aka buɗe a 1972, ya yi dabara: yana watsa shiri daga yankunan uku, kowa da bakin garinsu, har kunnuwa suka saba da juna. Tashar talabijin ta TG4 ta biyo baya a 1996, ita ma hedikwatarta tana Conamara, ba a babban birni ba.

Wasu abubuwa a harshen sun yi mini kama da gida. In za su gaisa sai su ce Dia duit, wato Allah ya kasance tare da kai, mai amsawa ya ƙara a kai ya ce Dia is Muire duit, ya haɗa da Maryam bisa addininsu na Katolika. Amsa ta fi gaisuwa tsawo, kamar sallama. Ba su da kalmar "e" ko "a'a". In an ce ka ci, sai ka ce na ci ko ban ci ba. Yunwa a wurinsu hawa kan mutum take yi, Tá ocras orm, yunwa tana kaina, baƙin ciki ma haka. Mac da ke gaban sunaye ɗa ne, Ó kuma jika. Akwai wata 'yar alama da suke ɗorawa kan wasali don a ja shi, sunanta fada, ma'anarta dogo. Seán sunan mutum ne, sean ba alama tsoho ne. Suna faɗa sosai da ofisoshi da kamfanonin da kwamfutarsu ke cire musu wannan alama daga suna. Da na ji haka na rubuta wa abokin aikina "fada" da "faɗa", na nuna masa yadda ƙugiya guda ke raba gidan sarki da rikici. Ya daɗe yana kallon takardar. Su sun kai ƙorafinsu har gaban hukuma. Mu kuwa mu da kanmu muke zubar da ƙugiyoyinmu a waya.

Kada in bar ku da zaton harshen mutuwa kawai yake yi. Tun 2007 yake cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai, ya samu cikakken matsayi a farkon 2022. A Ayalan ta Arewa, da ke ƙarƙashin Birtaniya, dokar 2022 ta ba shi matsayin hukuma bayan doguwar gwagwarmaya. Dokar 2021 a nan Jamhuriyar Ayalan ta sa burin kashi 20 cikin ɗari na sababbin ma'aikatan gwamnati su zama masu iya harshen kafin ƙarshen 2030. Abin da ya fi ba ni fata shi ne makarantun da ake kira Gaelscoil, inda lissafi da kimiyya da wasa duk da Gaeilge ake yi. Iyaye ne suka tashi suka nemi a kafa yawancinsu, kuma a wasu unguwanni sai an yi layin neman gurbi. Da bazara kuma 'yan sakandare kan tafi Gaeltacht su yi mako biyu ko uku a gidan wata uwar gida, bean an tí, da sharaɗin ba Turanci. Jikokin waɗanda aka rataya wa itace su ne yau ke biyan kuɗi don 'ya'yansu su ji abin da aka hana kakanninsu.

Na san wani zai ce mu ina ruwanmu, Hausa miliyoyi ke yinta, har wasu ƙananan harsunan Bauchi da Filato ita ke haɗiye su. Gaskiya ne, kuma wannan ma abin dubawa ne, don masu waɗancan harsuna suna tsaye daidai inda uwar nan da ta daina yi wa ɗanta Gaeilge ta tsaya. Amma ni abin ya zo mini ta ƙofar ɗakina. 'Yata ta dawo daga makaranta kwanakin baya tana ƙirga mini a haon, a dó, a trí har goma, tana murna. Na yaba mata, na ce to ƙirga mini da Hausa. Ta kai biyar ta tsaya. In na yi mata Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa, ni kuma gajiyar aiki takan sa in bi ta. Daren nan ban yi barci da wuri ba. Ni da mahaifiyarta muka yanke cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ce, kuma duk Lahadi za a kira Hajiya a waya su yi hira ba mai fassara. Makon farko ta yi fushi, ta yi shiru a wurin cin abinci. A na uku na ji ta tana ce wa ƙaninta "sauka daga nan kafin ka faɗi", ba ta ma san ina bayan ƙofa ba.

In Allah ya kai mu hutun bazara za mu zo gida. Don Allah duk wanda ya haɗu da yaran nan kada ya gwada Turancinsa a kansu, ku yi musu Hausa ko sun yi shiru, za su amsa. A gaishe da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Galway