Asabar: neman mariƙin gora a Katako

Zafin bana ya kai inda sai an duba agogo kafin a fita. Muna sallame Asuba muka kama hanya a kan kekuna, ni da ɗan ƙanwata da ke ajin ƙarshe a lise, da abokan hawa biyu, don duk wanda ƙarfe 10 ta riska a waje cikin watan Afrilu a Yamai ya san sauran. Muka haye gadar Kennedy, muka wuce jami'a, muka miƙe hanyar Say. Muddin muna kan gudro lafiya lau. Sai da muka sauka kan burjin da ke gangarawa gonakin shinkafa na Kirkisoy, inda motoci suka bar gargada jere-jere, gorar ruwan yaron ta yi tsalle daga mariƙinta, abin nan da ake ɗaurawa a jikin keke a zura gora, ta rabu da keke. Da ka ta faɗi, murfi ya ɓalle, kafin ya isa wurin ƙasa ta shanye fiye da rabi. Muka raba tawa. A irin wannan rana mahayi kan zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya, wani ma ya fi, shi ya sa ba wanda ya yi gardama da na ce mu juya.

Tun daga can har ƙofar gida zance ɗaya yake yi mini. "Kawu, mariƙi na kabon nake so, mara nauyin nan irin na masu tseren keke a Faransa. Na gani a Facebook." Na ce ya bari rana ta yi sanyi. Ni ma nawa mariƙin na roba ya tsage a wuya, saura ƙiris ya rabu biyu, don haka dama fitar ta zama dole.

Bayan La'asar muka fara biyawa wurin tsohon da ke yi mini gyara a gindin dogon yaro. Mutumin Adar ne, ya daɗe a garin nan ƙwarai, amma bakinsa bai bar Tawa ba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi gorar da ta faɗi. Mariƙin ko kallonsa bai yi ba.

"Yaro, wannan ba ta keke ba ce."

Gaskiyarsa. Gorar shago ce siririya, jikinta sumul tun daga gindi har baki. Ita kuwa gorar keke faɗinta kusan milimita 74 ne, ko mai cin rabin lita ce ko mai mililita 750, tsawo kaɗai ke bambanta su. Kuma tana da wani kwarmi da ya zagaye kafaɗarta, a nan ne ɗan harshen da ke saman mariƙi yake shiga ya kama ta. In babu kwarmin nan, kuma gorar ba ta cika mariƙin ba, to ajiye ta kawai aka yi, rami na farko za ta yi sallama. Ya sa ta ciki ya girgiza, muka ji tana ƙwal-ƙwal. Ya sa tawa, shiru.

Daga nan ya kwantar da keken yaron ya nuna masa ƙananan ramuka biyu a jikin ƙarfen da ya gangaro daga wuyan keke zuwa feda. Tsakaninsu milimita 64, kusoshin da ke shiga masu kaurin milimita 5, yawanci kuma da ɗan makullin nan mai kusurwa shida, lamba 4, ake ɗaure su. Wannan awo kusan ɗaya ne a duniya, ko keken daga Sin ya fito ko daga Italiya. Abin da ya sa kenan za ka tsinci mariƙi a tarin kayan hannu da suka sha hanya daga Turai, ka kawo shi Yamai ya zauna daram a keken da bai taɓa gani ba. Na ji daɗin yadda yaron ya yi shiru yana kallo. A aji ban cika samun irin wannan shirun ba.

"Baba, to wanne za mu saya?" in ji ni.

"Malam, wanda in ya saki za ka matse shi da hannunka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Muka bar masa kekunan muka hau taksi zuwa Katako, ɗauke da gorata da wata tsohuwar safa a aljihu. Kasuwar tana nan yadda take: ƙarar guduma, hayaƙin masu narka alminiyam suna zuba tukwane, katako da kwano da tsofaffin kayan mota ko'ina. Mun ɗan sha yawo kafin muka samu wani Alhaji mai kayan keke da ya zazzage mana kwali guda a kan tabarma.

A nan na zauna sosai, don abin kallo ne. Mafi yawa na roba ne, baƙaƙe da masu launi, sababbi fil cikin leda, su ne kuma mafi araha. Ba na raina roba gaba ɗaya. Akwai mai kyau, wadda aka cakuɗa da zaren gilas, tana riƙe gora tsam, ba ta tsatsa, ba ta ɓata jikin gora. Amma ta banza ta fi yawa a kasuwa, kuma ranar garin nan ba ta barin ta. Keken da ke wuni a farfajiyar lakwal ba inuwa, robarsa sai ta bushe ta yi fari-fari, wata rana ka ja gora ka ji ƙas. Haka nawa ya yi. In roba ta karye kuwa babu mai gyara ta, sai dai a jefar.

Na alminiyam sandar ƙarfe ce siririya da aka lanƙwasa, mara nauyi. Aibinsa biyu na sani. Yana shafa wa gora baƙi, farar gora sai ta koma kamar gindin tukunya. Kuma in aka yi ta buɗe shi ana matsewa, ƙarfen kan gaji ya tsage a wurin walda. Sai na baƙin ƙarfe mara tsatsa, wanda ya ɗan fi nauyi, ba ya shafa baƙi, kuma ya fi jure lanƙwasa. Guda biyu kacal na gani a kwalin, dukansu na hannu, ɗaya har da ragowar tambarin wani shagon Turai a jikinsa.

Na kabon ma akwai, guda ɗaya, a rataye can sama ba cikin kwali ba. Alhaji ya sauko da shi da hannu biyu. Yaron ya karɓa idonsa na ƙyalli, kuma gaskiya abin ya yi kyau, ka ɗora a tafin hannu ba ka jin komai. Irinsa kan yi giram 20 zuwa 25, na alminiyam kuwa wajen 50. Na ce masa ya yi lissafi da kansa, tun da kimiyya yake karantawa: bambancin wajen giram 30 ne, gorar da za ta zauna ciki kuma in ta cika ta haura giram 750. Kurɓa biyu ka yi, ka riga ka sauke nauyin da za ka biya kuɗi mai yawa don ka rage. Masu tseren Faransa suna hawan duwatsu ne ana ƙirga musu daƙiƙa, ga mota a bayansu tana miƙo sabuwar gora duk sanda suka ɗaga hannu. Ko a Tour du Faso na maƙwabtanmu, da ake yi tun 1987, akwai motocin da ke bin mahaya da ruwa. Mu a hanyar Say wa ke bin mu? Na kabon na asali yana riƙo da kyau, ban musa ba. Sai dai na jabu sun cika duniya, ido ba ya bambancewa, kuma ko na asalin ne, ranar da ya saki ko ya tsage ba a lanƙwasa shi a mayar.

Sai na ciro safar. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurina, kuma ban taɓa jin masu tallar kayan keke sun ambace ta ba, don ba a ƙasarsu matsalar take ba. Ruwan da ke cikin gorar roba a rana mai digiri 42, kafin awa guda ya zama na wanka. Mu kuwa mun gaji dabara daga masu salka da masu naɗe bido da buhu: ka sa wa gora safa ko tsumma, ka jiƙa, iskar tafiya na busar da shi ruwan ciki na yin sanyi. A bazara kafin damina ta kawo laima, iska a bushe take, dabarar tana ci sosai. To amma gora mai safa ta ƙara kauri. Na zura tawa cikin safar na gwada a na roba, ta ƙi shiga. A na kabon ma Alhaji bai bari na tura ba, ya ce, "Malam, a hankali, in ya fashe ka saya." Na ɗauki na ƙarfe, na ɗan buɗe hannuwansa da yatsu biyu, gora ta shige ta zauna. Na kifa shi na girgiza, ba ta motsa ba. Akwai gora mai bango biyu da ke riƙe sanyi, na sani, amma tana da tsada, kuma bangon yana cinye wurin ruwa.

Ciniki ya ɗan ja. Alhaji ya fara da kukan da kowane ɗan kasuwa ke yi yanzu, cewa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya ninka. Na ce ai waɗannan biyun sun girmi rufe iyakar, ƙurar da ke jikinsu ma shaida ce. Ya yi dariya ya ce malaman lakwal ba su da dama. Muka daidaita a jika uku duka biyun, ya ƙara mini kusoshi huɗu. Gorar keke ta gaske ma muka saya wa yaron, mai murfin da ke rufe bakin sha, don gorar da ke kan ƙarfen gaba ita ke shan duk ƙurar da tayar gaba ta watso, wani lokaci har da kashin shanu.

Da muka koma gindin dogon yaro sai wata matsala ta ɓullo. Nawa keken dogo ne, mariƙi ya hau, gora na shiga na fita ba takura. Na yaron ƙarami ne, kusurwar da ke tsakiyar jikinsa a matse take. Mariƙin ya ɗauru, amma in ya ja gorar sama sai kanta ya bugi ƙarfen da ke bisa, sai ya karkata ta da ƙarfi kafin ta fito. A tsaye ma da wuya, balle ana tafiya hannu ɗaya a kan keke cikin yashi. Irin wannan keke mariƙi mai buɗewa ta gefe yake so, wanda ake zare gora ta dama ko ta hagu. Shi ma sai an lura wajen saye, don wanda ke buɗewa ta dama a ƙarfen gaba, in aka mayar da shi ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, ta hagu zai koma buɗewa. Yaron bahago ne, birkin baya kuma a damansa yake, saboda haka mai buɗewa ta hagu ya dace da shi ta kowace fuska. Yawancin irin waɗannan na roba ne, abin da na gama kushewa ɗazu, sai dai a nemi mai kyau. Kafin a samu, tsohon ya ce ya riƙa amfani da gajeriyar gora mai rabin lita, ita tana fita ba gardama, ta biyu kuma ya sa a jaka.

Wajen ɗaurawa na ga abin da ya sa nake kawo masa aiki ko da ƙaramin abu ne. Kowace kusa sai da ya shafa mata ɗan giris kafin ya zura, don gumi da ruwan da ke ɗiga daga gora su ke sa ta ci tsatsa ta kafe. Kuma bai matse da ƙarfi ba, yatsu biyu kawai ya sa a makullin. Ya ce mazaunin kusar a yawancin kekunan alminiyam ba walda aka yi masa ba, cusa shi aka yi aka danne. In ka yi masa ƙarfin tuwo sai ya saki ya riƙa juyawa tare da kusar, ba ta shiga ba ta fita. Ɗaya daga cikin na keken yaron ma ya same shi ya fara rawa, ya danne shi da wata doguwar kusa da ƙwayarta har ya kama.

Muna nan wani mai kai burodi ya tsaya shan iska da tsohuwar Phoenix ɗinsa. Irin waɗannan kekuna, da su Hero na Indiya, ba su da ramukan nan ko ɗaya, ba don gora aka ƙera su ba. Shi ya yanke gindin wani bido ƙarami, ya ɗaure a wuyan keke da robar cikin taya, ya dasa babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a ciki, naɗe da buhu jiƙaƙƙe. Ruwan da yake ɗauke da shi ya ninka nawa. Tsohon ya ce in mutum na son na shago a irin wannan keke, zoben ƙarfen da ake matse tiyon mota da shi guda biyu sun isa, a sa ƴar roba a ƙarƙashi kada fenti ya ɓaci. Mai burodin ya leƙa nawa sabon mariƙin, ya tambayi kuɗinsa, ya girgiza kai ya hau kekensa.

Aka kira Magariba muna wurin, muka yi salla a masallacin bakin titi. Na biya tsohon dala ɗari, ya ce ya yi yawa, na ce na shayi ne. A hanyar gida yaron ya sake tayar da zancen na kabon, wai in ya ci jarrabawar bak zai saya da kuɗinsa. Na ce Allah ya ba da sa'a, kuɗinsa ne. Alhaji ya karɓi lambata, ya ce akwai kayan da yake jira ƙarshen wata, in an samu mai buɗewa ta hagu a ciki zai aiko mini da hotonsa ta WhatsApp.